Malam Nalado da Jakin Roba

Duk wanda ya san unguwarmu a Funtuwa ya san gidan kallon Ɗanjummai. Titi ne kawai ya raba shi da shagona na ɗinki, saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Ɗanjummai gajeren mutum ne mai sanyin hali da yawan gumi. A wurin mahaifinsa ya gaji gidan kallon, tun zamanin da sai ka yi kokawa a bakin ƙofa kafin ka samu benci. To amma tun da waya ta shiga hannun kowa, sai kasuwa ta kwanta. Fim ɗin Indiya a waya, ƙwallo a waya, dambe a waya. Akwai ranar da na leƙa na tarar da mutum uku kacal a ciki: biyu barci suka zo yi saboda fanka, na ukun waya ya kawo caji. Abin ya kai har Ɗanjummai ya fara magana da wani ɗan kasuwa da ke son ya sayi wurin ya mai da shi ɗakin ajiyar taki.

Ana cikin haka sai ga fim ɗin jakin nan ya fito.

Kun dai san jakin robar nan rawaya da ake saya wa yara a kasuwa, wanda in ka matsa cikinsa yake cewa fiit? To shi wasu mutanen ƙasar waje suka ɗauka suka yi wa fim sukutum, 'yan fassara kuma suka juya shi da Hausa. Labarin wani jakin roba ne da usur ɗin cikinsa ya lalace, ko an matsa shi ba ya kuka. Yarinyar da take wasa da shi ta girma, aka yi mata aure, aka manta da shi a ƙasan akwati. Shi ne ya fito ya kama hanya yana nemanta gari gari. Shi ke nan fa labarin. Ba harbi, ba duka, ba mota mai tashi sama.

Matar Ɗanjummai, Sa'ade, ita ta fara jin zancen a rediyo, wai a manyan birane layin shiga fim ɗin har kan titi, wai ya ture finafinan yaƙi duk ya haye kansu. A gabana ta same shi a bakin shagona ta ce, "Maigida, ka je Kano ka karɓo izinin haska jakin nan."

Ya ce, "Wane jaki?"

"Na roba."

Ya dube ta, ya dube ni. "Sa'ade, gidan da mahaifina ya haska yaƙin duniya, shi zan haska abin wasan yara? Da furfurata?"

Ta ce, "To zauna. In mai taki ya zo sai ka nuna masa furfurar."

Washegari ya hau mota.

Ranar farko mata ne da yara, bayan la'asar. Suka shiga suna hira, suka fito suna fyace hanci da bakin mayafi. Kafin mako ya zagayo, magana ta gama gari. Ni na fara ganin alamar a shagona, domin duk wadda ta shigo yadi rawaya take nema, wai ba a zuwa kallon jaki sai da kalarsa. Rawayar atamfa ta ƙare a kasuwa, rawayar shadda ta ƙare, har wata ta kawo mini labulen ɗakinta ta ce in fitar mata da riga da ɗankwali. Masu tireda da suka shekara da jakunan roba suna shan rana a kan tebur, rana ɗaya aka wawashe su. Kowa da nasa yake shiga. Duk sanda jakin fim ya tsallake wani hatsari, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka: fiit, fiit, fiit! Ina shago ina jiyowa, har na san inda labarin ya kai ba tare da na tashi daga kan keke ba.

Maza fa da farko dariya suke yi. Ana zaune a majalisa ana cewa mata dai ba su da aikin yi. Daga baya sai na lura wasu suna zuwa riƙe da hannun yaro, suna cewa da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wallahi yaron nan ne ya dame ni." Wanda ba shi da ƙaramin yaro sai ya ara a maƙwabta. Akwai wani ɗan maƙwabcina da a mako guda ya shiga da baba daban daban har ya haddace fim ɗin, yana gaya wa mai riƙe da shi, "Baba, shirya hankicinka, an kusa wurin." Sarkin fawan unguwarmu, ƙaton da yake kayar da bijimi shi kaɗai, ya fito idanu jajur yana cewa hayaƙin janareta ne. Ranar da abin ya fi ba ni mamaki ita ce wata Asabar da ake babban wasan ƙwallo. Samari suka cika wurin, Ɗanjummai ya kamo tashar wasa, sai suka ce a'a, ƙwallo sa gani a waya, a sa musu jaki.

Ɗanjummai ya sake fenti, ya ƙaro benci, ya sayi sabuwar fanka. Mai taki ya zo jin inda aka kwana, bai samu ganinsa ba saboda layi, ƙarshe shi ma ya yanki tikiti ya shiga.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Malam Nalado.

Malam Nalado tsohon hedimasta ne. Rabin magidantan unguwar nan ta hannunsa suka bi, har da ni, har da Ɗanjummai. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga da tabarau, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ga haƙoransa ba. Har yau in ya doso, sai ka ga mai jikoki yana gyara hula yana ɓoye sigari. Shi ne kuma mai faɗa a ji a kwamitin unguwa, inda nake wakiltar masu sana'a.

Wata safiya ya tsaya a tsakiyar titi, tsakanin shagona da gidan kallo, ya ƙwala kira. "Ɗanjummai!"

Ɗanjummai ya fito da gudu ya durƙusa. "Allah gafarta Malam."

"Wannan fiit fiit da ke hana mutane sakat, daga gidanka take fitowa?"

"Eh, Malam, wato yara ne..."

"Yara? Jiya da idona na ga Sarkin fawa. Shi ma yaro ne? Abin da na koya muku ke nan? Magidanta da iyalinsu su bar sana'a su je su zauna gaban jakin roba suna kuka? Za mu haɗu a gaban mai unguwa."

Ɗanjummai ya shigo shagona ya zauna a kan buhun ƙyallaye, gumi har ƙafa. Ya ce, "Shi ke nan, an gama da ni. Yanzu na fara ganin haske." Na ba shi haƙuri, amma ni ma na san in Malam ya ce a rufe, to rufewa za a yi.

Da aka zauna a zauren mai unguwa, Malam ya yi jawabi mai tsawo a kan lalacewar zamani. Kowa ya sunkuyar da kai. Mutum ɗaya ce ba ta sunkuyar da kai ba, Hajiya Uwani, wakiliyar mata. Tsohuwar nas ce, sa'ar Malam, kuma taubashiyarsa, 'yar kawunsa ce. Duk garin nan ita kaɗai ke kiransa da sunansa gatsal, kuma ba yadda ya iya da ita. Ranar ma da mayafi rawaya ta zo.

Da ya gama sai ta ce, "Nalado, ka kalli fim ɗin?"

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

"To ka taɓa korar yaro daga makaranta ba ka duba takardarsa ba?"

Mai unguwa, wanda dama neman mafita yake yi domin iyalinsa duk sun je, ya yi caraf ya ce, "Hajiya ta yi gaskiya. Malam, kai ne idonmu. Ka je ka gani da kanka, abin da ka zo mana da shi, da shi za a yi aiki."

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Zan je. Amma a sani aiki ne ya kai ni."

Ranar da zai shiga na rufe shago na bi shi, domin wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Ɗanjummai ya goge masa kujera ta musamman a baya, ya kawo ruwan sanyi. Malam ya ƙi karɓa, ya ce mai bincike ba ya cin abin wanda ake bincika. Ya zauna ya harɗe hannuwa a ƙirji. Yaran da ke kusa da shi duk suka ɓoye jakunansu a cikin riga.

Aka fara. Jaki ya faɗa kwata, yara suka yi dariya, Malam ya yi tsaki. Jaki ya hau bayan motar kaya, Malam ya ce, "Shirme." Da aka zo inda jakin ya isa tsohon gidansu ya tarar an rushe shi an gina shaguna, sai na ji tsakin ya ɗauke. Na saci kallonsa. Hannuwan sun sauko daga ƙirji, ya ɗan matso gaba. Can wajen ƙarshe jakin ya sami yarinyar, amma ta zama tsohuwa tukuf, tana zaune a tsakar gida ita kaɗai, ba ta ma gane shi ba. A nan na ga Malam ya cire tabarau yana gogewa. Ya mayar, ya sake cirewa.

Da aka kunna fitila ya miƙe da sauri. Ɗanjummai ya tare shi a ƙofa yana murza hannu. "Allah gafarta Malam, yaya aka gani?"

Malam ya yi gyaran murya. "Ban gama nazari ba. Akwai wuraren da hayaniya ta hana ni ji. Gobe zan dawo."

Washegari ya dawo. Rana ta uku ma ya dawo, wai fassarar yake tantancewa. Tun yana zama a baya har ya dawo tsakiya, wai idonsa ba ya hango hoton sosai. Ruwan sanyin da ya ƙi, yanzu da kansa yake tambaya. Ɗanjummai kuwa kullum sai ya tare shi a ƙofa, amma Malam bai faɗa masa inda ya dosa ba, fuska kuma tana nan yadda take.

Ranar Alhamis abin ya fashe. Ɗaki ya cika maƙil, Hajiya Uwani da ƙawayenta suna layin da ke bayan Malam, ni ina gefe. Aka zo wurin nan na ƙarshe. Tsohuwa ta ɗauki jakin daga ƙasa tana jujjuya shi, tana ƙoƙarin tuna inda ta san shi. Ɗaki ya yi tsit, ko tari babu. Ta ɗaga shi, ta kai babban yatsa kan cikinsa, sai kuma ta tsaya.

Kawai sai muka ji murya ta tsage ɗakin, muryar nan da ta sa mu fitsari a wando muna 'yan aji uku.

"Matsa shi mana, baiwar Allah! Naki ne! Tun daga ina ya taho!"

Kowa ya waiwaya. Malam Nalado ne a tsaye, hula ta karkace, hannu a sama. A daidai lokacin tsohuwar ta matsa, jakin da bai taɓa kuka ba tun farkon fim ya ce fiit, a hankali. Yara suka ɗauka da nasu gaba ɗaya, ɗaki ya kaure da fiit fiit da tafi da dariya. Malam kuwa sai ya koma kan benci daɓas, ya rufe fuska da babbar riga, ya fashe da kuka. Ba irin na share ƙwalla ba fa, kuka mai sauti, kafaɗu suna rawa.

Aka kunna fitila, yara suka fita suna tsalle suna kwaikwayon tafiyar jaki. Wata 'yar mitsitsiya ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, yi shiru, ai ya same ta." Wannan ya ƙara tunzura shi. Da ƙyar ni da Ɗanjummai muka kama shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, muka fitar da shi ta ƙofar baya. Hajiya Uwani ta biyo mu da tabaransa da takalmi ƙafa ɗaya, tana yi masa fifita da bakin mayafi. Ta raɗa mini cewa rabon da ta ga hawayen Nalado tun ranar da aka kai autarsa ɗakin miji a Fatakwal.

Da ya dawo hayyacinsa ya karɓi tabarau ya saka, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Zafi ne ya yi yawa a ɗakin nan." Muka ce ƙwarai kuwa, Malam, ana zafi. Ya ce, "Na gama nazari. A gaya wa mai unguwa a zauna ranar Asabar."

Kafin Asabar babu gidan da labarin bai shiga ba, amma ba wanda ya isa ya tayar da shi a gaban Malam. Ni dai na ce wa Ɗanjummai ya kwantar da hankalinsa, mutumin da ya yi wannan kuka ba zai rufe masa gida ba. Ɗanjummai ya girgiza kai ya ce, "Ba ka san Malam ba. Yanzu ne ma ya fi hatsari. An gan shi."

Ashe ya fi ni gaskiya.

Ranar Asabar zauren mai unguwa ya cika har waje, waɗanda ba 'yan kwamiti ba ma sun zo sun maƙale a taga. Malam ya iso cikin farar riga mai guga, fuska a murtuke kamar ba shi ba. Mai unguwa ya ce, "To Malam, muna saurare."

Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, na je, na gani, na kuma maimaita domin kada in zalunci kowa. Maganar gaskiya, ban sami batsa a ciki ba. Ban sami zagi ba. Fassarar ma ba laifi, ko da yake akwai gyara."

Ɗanjummai ya saki ajiyar zuciya.

"Amma," in ji Malam.

Ɗanjummai ya mayar da ita.

"Amma fim ɗin yana da nauyi. Akwai rabuwa a ciki, akwai tsufa, akwai kaɗaici. Na shekara talatin da wani abu ina hulɗa da yara, na san zuciyarsu. Danya ce, ba ta ɗaukar irin wannan. Saboda haka shawarata ita ce, daga yau a hana duk wanda bai kai shekara goma sha biyar ba shiga."

Kowa ya gane abin da hakan ke nufi. In babu yara, mata ba za su zo ba, domin ba mai barin 'ya'ya a gida ta tafi kallon jaki. Maza kuma da wa za su fake? Ko Sarkin fawa sai da ya ce "Kai!" daga bakin taga. Wannan rufewa ce, sai dai ba a kira ta da sunanta ba.

Mai unguwa ya juya. "Ɗanjummai, kana da magana?"

Ɗanjummai ya miƙe, ya buɗe baki, Malam ya dube shi ta saman tabarau. Nan take ya koma ɗan aji uku. Ya ce, "Duk... duk abin da Malam ya ce." Ya zauna yana share wuya da hula.

Mai unguwa ya dudduba ko akwai mai ceto. Duk muka sunkuyar da kai, ni ina ta nazarin ɗinkin tabarma. Sai muka ji ƙarar awarwaro, Hajiya Uwani ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma ina goyon bayan a sa dokar shekaru."

Malam ya waiwaya da mamaki. Tunda suke, bai taɓa faɗar abu ta ce haka ne ba. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yau ko Uwani ta gane."

Ta ce, "Na gane mana. Aikin asibiti na yi, na san abin da zuciya ke ɗauka da wanda ba ta ɗauka. Tambaya ɗaya ce da ni, Nalado. Cikin yaran nan da kake tsoron zuciyarsu, wanne ka ga abin ya kayar?"

Malam ya ce, "Ba sai an jira ya kayar da su ba. Rigakafi ake yi."

Hajiya Uwani ta gyara mayafinta ta ce, "To a yi wa masu cutar. Yara dai da ƙafarsu suka fita suna dariya. Ranka ya daɗe, a hana 'yan sama da sittin, su ne muke fitarwa ta ƙofar baya."